Livain Mai Yi wa Itace Sallama

A garinmu in mutum ya ce maka bai san Livain Doiron ba, to baƙo ne. Livain mai yankan itacen wuta ne, ba shi da wata sana'a bayan wannan, bai kuma taɓa sha'awar wata ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya mutu tuntuni saboda ƙarar injin yankan itace, shi ya sa in kana magana da shi sai ya karkato maka da gefen fuska kamar kaza mai kallon shaho. Rabin gidajen garin nan da itacensa suka yi renon 'ya'yansu.

Duk mai yankan itace a nan arewacin New Brunswick ya san kafin ka sa zarto a jikin busasshen itace sai ka buge shi da ƙeyar gatari ka saurara. In ya amsa da ƙarfi, cikinsa lafiya lau. In ya yi bum-bum kamar ganga, ya ruɓe ke nan, sai ka yi hattara kada kansa ya karyo ya faɗo maka. Wannan kowa na yi. Abin da ya raba Livain da sauran jama'a shi ne in ya buga ba ya tayar da inji. Sai ya ja da baya, ya ɗaga kai, ya tsaya yana jira, jiran da har abokin aikinsa ya kunna taba ya shanye ta, shi bai motsa ba.

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi a sansanin yankan katako. Wata safiya ya bugi wani busasshen itace kamar yadda aka koya masa, sai ga wani ɗan kai ya leƙo daga ramin da tsuntsun nan mai sassaƙar itace da baki ya haƙa ya bari. Kai ne toka-toka, da baƙaƙen idanu manya da suka kusa cinye fuskar. Wani ya leƙo ta ƙarƙashinsa, wani ya kutso ta gefe, suka zuba masa ido suna ƙifce-ƙifce. Kurege ne mai shawagi, wanda ba ya fita sai rana ta faɗi. Livain ya ce kunya ce ta kama shi, irin ta wanda ya faɗa ɗakin mutane ba sallama ya tarar suna barci. Ya saɓa gatarinsa ya nemi wani itacen.

Da aka tashi daga aiki sai ya koma ya zauna a kan kututture. Magariba na yi suka fara fitowa. Na farko ya haye can ƙololuwa, ya ɗan gyaɗa kai hagu da dama yana auna nisa, ya saki kansa. Yana buɗe hannuwa da ƙafafu sai fatar da ke tsakaninsu ta baje, ya zama kamar ɗan hankici a iska, faffaɗar wutsiyarsa na karkata shi tsakanin rassa. Ko ƙarar numfashi babu. Ya je ya manne a jikin wani itace can nesa, nan take ya zaga bayansa, don in mujiya ta biyo shi ta kama iska. Livain ya koma sansani abinci ya ƙare, da yunwa ya kwana, bai kuma yi nadama ba. Tun daga ranar ya yi wa kansa doka: itacen da ya buga aka leƙo, ba ya sare shi.

To, ka san mutane. Wani ya ce Livain ya fara yi wa itatuwa sallama, suna amsa masa. Wanda ya fi kowa riƙe zancen nan shi ne Valmond, ƙanin matarsa Exilda, mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai in akwai abinci a ciki. Da zarar ya hango shi sai ya ɗaga murya:

"Ran mai gidan haya ya daɗe! Yaya 'yan haya? Sun biya na wannan watan, ko har yanzu haƙuri suke ba ka?"

"Sun fi ka kunya dai," in ji Livain. "Su ba su taɓa zuwa gidana daidai lokacin da ake sauke tukunya ba."

"Ai gidan yayata ne, Yaya Livain. Kai ma haya kake."

Exilda kuwa ba ta raina aikin mijinta, amma ba ta ɓoye cewa dokar na ba ta haushi. Busasshen itace da ke tsaye shi ne zinariyar mai itacen wuta, yau ka sare, yau ya ci wuta. Ɗanye kuwa sai an faskara an jera ya sha iskar bazara guda. Ta sha ganinsa ya wuce lafiyayyen busasshe a bakin hanya ya tafi can cikin fadama yana jan itace da igiya. Takan ce, "Tsoho, bayanka za ka karya saboda ɓeraye." Shi kuma ya juya mata mataccen kunnen.

Kada ka yarda ka kira su ɓeraye a gabansa in kana sauri, don ka sayi zance ke nan. Zai gaya maka ba tashi suke yi irin na tsuntsu ba, kada ka yi musu ƙarya, hawa suke yi su sulalo. Zai gaya maka ba sa son sabon daji mai itatuwa sa'annin juna, sai tsohon daji mai kututture da ramuka da gansakuka. Ba sa kwanciyar dogon barci in sanyi ya shigo, wata gansakuka mai rataya a rassa da ake kira gemun tsoho suke ci har ƙasa ta narke. In sanyin ya kai sanyi sai su taru a rami guda, dangi da bare, su dunƙule su yi ta ɗumama juna. Wata ma'aikaciyar gandun daji ta taɓa gaya masa cewa naman kazan da suke tonowa a ƙarƙashin ƙasa, irinsa na fita a kashinsu ya bazu, shi ne kuma ke taimakon saiwoyin itatuwa su sha ruwa. Wayyo, ranar nan ba wanda ya huta a garin! Har a ƙofar coci ya tare mutane yana cewa, "Kun ji ko? Manoma ne. Katakon da kuka yi rufin gidanku da shi, su suka yi masa taki."

Haka ya yi ta tafiya da dokarsa har gashinsa ya yi fari fat, bai taɓa karya ta ba. Sai shekarar da ruwa ya daskare a kanmu.

Tsakiyar sanyi ne aka yi ta sheƙa ruwan sama, ruwa sosai, amma yana taɓa abu ya zama ƙanƙara. Kafin gari ya waye kowane reshe ya yi kaurin hannu, kana jin daji na karairayewa kamar ana harbi. Turakun lantarki suka zube a jere, itatuwa suka rufe duk wata hanya. Ruwan na ɗaukewa sanyi ya sauko da ƙarfinsa. A lokacin yawancin gidaje sun daɗe da komawa ɗumama da lantarki, wasu ma sun fitar da murhun ƙarfen iyayensu sun dasa furanni a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa za ka tsaya yi wa faɗa? Aka kwashe tsofaffi da yara aka tara su a zauren coci, inda tsohon murhun itace ke nan har yanzu. Livain ya kwashe itacen gidansa kaf ya kai can, sauran masu ɗan abin da suka ajiye su ma suka kawo. Murhun nan kuwa cin itace yake kamar ya yi shekara bai ci ba.

Da aka kwana biyu a haka, itace ya ƙare. Rassan da suka zubo ɗanyu ne, ga su lulluɓe da ƙanƙara, in ka sa su a wuta sai hayaƙi da tsatsar ruwa. Daji kuma ba ya shiguwa. A cikin waɗanda ke kwance a zauren har da Obeline, mahaifiyar Exilda da Valmond, wadda ta haura casa'in, tana tari tun daren farko.

Valmond ya sami Livain a ɗakin girkin coci yana shan shayi mai sanyi. Wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya Livain, ka san abin da ya kawo ni."

Ya sani. A bayan coci, ƙetaren maƙabarta, akwai wani ƙaton busasshen itace wanda kansa ya karye tun da daɗewa, tsayinsa ya kai na gidan sama, kaurinsa sai mutum biyu sun haɗa hannu. Zai riƙe murhun nan kwanaki. Kowa a garin ya san dalilin da ya sa yake tsaye har yau.

"Akwai mutane a ciki," in ji Livain.

"Akwai mutane a nan ma. Inna na can tana rawar ɗari a ƙarƙashin bargo uku. Ka je ka yi musu sallamar da ka saba, su fito su nemi wani gidan. Daji ne da su guda."

"Su fito su je ina? Ka taɓa jikin itace yau ka ji? Santsi kamar kwalba. In suka yi tsalle ba inda farcensu zai kama, ƙasa za su zube. Da rana tsaka, a wannan sanyi? Kafin ka gama ɗaura takalmi sun sandare."

"To in kai ba za ka iya ba, ba ni injin."

Exilda na tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ta zuba masa ido. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Livain ya dube ta, ya dubi ƙofar zauren inda tarin tsohuwar ke fitowa. Gaba kura baya sayaki. Tsohuwar nan ita ta ba shi 'yarta lokacin da ba shi da komai sai gatari, ba zai bari ta mutu da sanyi yana da inji a hannu ba. Amma zuciyarsa ta ƙi, ƙememe ta ƙi, ya zubar da halittun nan a kan ƙanƙara bayan shekarun da suka yi suna leƙo shi ba tsoro. Ya ajiye kofin.

"Ba mai taɓa mini inji. Je ka tara mini duk namijin da ke iya tsayuwa da ƙafarsa. A kawo tsanin coci, da igiyar da ta fi kowace tsawo da kauri. Kuma duk wanda ya yi mini hayaniya a gindin itacen nan, ni da shi ne."

A ranar bai buga ba. Ya duba gindin itacen ya ga 'yan baƙaƙen kashinsu a kan ƙanƙara, ya san suna ciki. Aka barbaɗa toka aka kafa tsani, ya hau a hankali da igiya a kafaɗa. Ramin na can sama kusa da inda itacen ya karye. Yana isa ya tuna bai zo da abin toshewa ba, sauka da sake hawa kuwa motsi ne da zai tashe su. Hannun hagu na riƙe da tsani, sai ya sa haƙori ya zare safar hannun dama, jar safa mai kauri da Exilda ta saƙa masa da ulu, ya cusa ta a bakin ramin. Ulu ne, iska za ta shiga, su kuwa ba za su fita ba. Ya ɗaura igiyar a saman itacen ya sauko.

Dabararsa ita ce kada itacen ya faɗi, kwantar da shi za a yi. Aka zagaya igiyar a jikin wani ɗanyen itace mai ƙarfi, maza suka jeru suka riƙe ta, aka tara rassa masu ganye a inda zai sauka. Livain ya tayar da inji ya yanka, ya bar tsoka mai kauri a gindi don ta riƙe. Itacen ya yi ƙara ya fara sunkuyawa.

"A hankali! Ku saki kaɗan-kaɗan! Valmond, jaririn wani kake saukewa, ba buhun dankali ba!"

"Jaririn nan naka ya ci tuwo da yawa!" in ji Valmond, yana nishi, fuskarsa ta yi jajir. Ya hango hannun Livain tsirara a kan inji ya yi ihu, "Yaya, hannunka! Karɓi tawa!"

"Riƙe igiya, sarkin surutu! Yanzu za a gama."

Ba a gama yanzu ba. Igiyar ta jiƙe ta daskare, tana maƙalewa ana warware ta, kuma Livain ne ke warwarewa, don shi kaɗai ya san ƙullinsa. Itacen ya yi ta saukowa taƙi-taƙi har ya rage kamar tsayin mutum ya kai ƙasa. A nan ƙafar wani ta zame, ya kwashe na bayansa, igiya ta kufce. Tim! Ƙasa ta girgiza, ƙanƙara ta watse ko'ina.

Livain ya ruga ya durƙusa ya manna kunnensa mai rai a jikin itacen. Ɗazu da ya kashe inji yana jin 'yar tsuwarsu a ciki, yanzu shiru kake ji. Ya lalubi inda kogon ya fara da inda ya ƙare, ya yanke wannan guntun shi kaɗai, ya buga masa katako a sama don kada ruwa ya shiga. Sauran itacen ya bar wa jama'a, nan da nan gatura suka hau aiki. Shi da Valmond suka ja guntun da igiya suka ɗaga shi jikin wani ɗanyen itace mai duhun rassa, Livain ya hau tsani ya ɗaure shi tamau yadda bakin ramin ya ba iska baya.

Da ya miƙa hannu zai zare safar, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya duba ya ga manuniya da ta tsakiya sun yi fari kamar kyandir, ko kaɗan ba ya jin su. Ya sa gefen hannu ya ɗan sassauta safar, ya bar ta tana reto a bakin ramin. Ya jira. Ba wanda ya leƙo.

Kafin yamma zauren coci ya ɗau ɗumi har yara na tuɓe riguna. Aka dafa miyar kaza da dankali a kan murhun, Obeline ta tashi zaune ta sha, tana tambayar wa ya cika gishiri. Exilda kuwa ta kama hannun mijinta ta tsoma a ruwan ɗumi, tana zaginsa tana kuka, shi kuma yana cizon leɓe don zafin da ya taso masa har ƙwaƙwalwa. Sai da aka buɗe hanya aka kai shi asibitin birni, a lokacin yatsun sun yi baƙi, ciwon ya fara hawa. Likitoci suka riƙe shi suna jira ko za su farfaɗo. Ba su farfaɗo ba, aka yanke su. Manuniyar nan ita ce ke matsa inji. Ba wanda ya buƙaci ya gaya masa aikinsa ya ƙare.

Abin mamaki, ba wannan ke hana shi barci ba. Duk wanda ya zo dubiya daga gari tambaya ɗaya yake yi masa: sun fito? Valmond ya ce ya je ya duba daga nesa bai ga sawu ba, amma sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba, kuma Livain da kansa ya hana kowa bugun guntun. Livain ya kwanta yana kallon rufi yana ta juya abin a ransa. In faɗuwar nan ta kashe su, to shi ya toshe musu ƙofa da hannunsa, shi ya hana su ko gwada gudu. Da ya bi ta Valmond, wataƙila da ɗaya ko biyu sun tsira. Wannan tunanin ya fi yankan ciwo.

Exilda ta zauna da shi duk tsawon jinyar, sai wata rana ta ce za ta je gida ta ɗebo kaya. Washegari ta dawo ta shigo ɗakin da fuska a ɗaure, ta zauna a bakin gado ko gaisuwa babu. Ta buɗe jakarta ta ciro wani abu ta jefa masa a ƙirji.

Bakin safar ne, zoben nan da ke kama wuyan hannu. Sauran babu. Gefensa duk an tsattsage shi, zaren ulu na reto.

"Ni da tsufana na hau tsani," ta ce, "saboda na gaji da ganin wannan fuskar taka. Ga abin da na tarar. 'Yan hayar nan naka ɓarayi ne, tsoho. Sun janye ta ciki sun yayyaga sun yi shimfiɗa. Na leƙa ramin, ja wur kamar an yanka rago. Wani mara kunya har ya ɗago kai ya dube ni, da zarena a gemunsa."

Livain ya ɗauki zoben da hannun hagu yana juya shi.

"Da idonki kika gan shi?"

"Da idon wa zan gan shi? Ga su nan dunƙule kan juna, ban tsaya ƙirga ba. Ulu mai tsada, na yi mako ina saƙa."

"Duka suka cinye?"

"Har babban yatsa."

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa. Kukan farin ciki ne, ya yi shi da ƙarfi kamar yaro, kafaɗunsa na rawa, naɗaɗɗen hannun na kan ƙirjinsa. Exilda ta matso ta dafa kansa, ita ma idonta ya cika.

"Ya isa haka, Livain," ta ce. "Share fuskarka, ga mai jinya nan tafe, kada ta ce dukanka na yi."